Yadda Ake Lanƙwasa Fallen Dalma a Kusurwa da Sandar Katako, da Abin da Anka Ta Sani Game da Wannan Ƙarfe

Duk mai yawan zaga TikTok ko YouTube da dare zai iya cin karo da irin bidiyon nan: wani magini a ƙasar Ingila ya durƙusa a kan rufin gida, a gabansa fallen ƙarfe mai launin toka, a hannunsa sandar katako. Babu wuta, babu inji, babu walda. Yana ta ɗan bubbuga ƙarfen a hankali, kafin bidiyon ya ƙare fallen ya rungume kusurwar bango tsaf, ba yanka ba ɗinki, kamar a haka aka zuba shi. Masu sharhi a ƙasa wasu su ce roba ce, wasu su ce aikin kwamfuta ne. To ba roba ba ce. Dalma ce, wadda a nan yankin Anka da Bukkuyum da Gummi ba a cika ambaton sunanta ba sai an haɗa da kalmar guba.

Abin da ake gani a bidiyon gaskiya ne, sai dai an gaggauta hoton, kuma akwai ilimi a bayansa da ya kamata mai karatu ya sani, musamman ganin cewa ƙarfen nan yana cikin batirin solar da ke cajin wayarsa, yana kuma kan teburin mai gyaran wayar.

Me ya sa take bin umarnin katako?

Dalma na cikin ƙarafan da suka fi kowanne laushi. Farcen mutum ma yana iya yi mata zane. Tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin zafi, alhali sanholo sai ya kai 660, jan ƙarfe 1,085, baƙin ƙarfe kuwa sai ya haura 1,500. Amma nauyinta ya wuce yadda ido ke zato. Ledar fiyawata ɗaya rabin kilo ce. Da za a cika ta da dalma sai ta kusa kilo shida. Wayar da ke hannun mai karatu ba ta wuce giram 200 ba, amma curin dalma mai girmanta daidai zai haura kilo guda.

Laushin kaɗai bai isa ya bayyana abin da ke cikin bidiyon ba. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa wayar jan ƙarfe gaba da baya ya san tana ƙara tauri a wurin lanƙwasar, daga nan ta karye. Dalili shi ne ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne, tarin ƙananan ƙwayoyi ne da suka jeru, kuma duka ko lanƙwasa yana hargitsa jerin har ƙwayoyin su cushe su kasa motsi. Shi ya sa maƙeri ke mayar da ƙarfe cikin wuta bayan ya ɗan daka shi: zafi ne ke bai wa ƙwayoyin damar sake jeruwa, ƙarfen ya sake laushi. Ita dalma ba ta buƙatar zuga-zugi. Zafin ɗaki kawai ya ishe ta ta sake jera ƙwayoyinta da kanta. Wato a wurin dalma, inuwar bishiya ma maƙera ce. Wannan ne sirrin da ya sa ake iya dukanta sau ɗaruruwa a wuri ɗaya ba ta tsage ba, muddin mai dukan ya san abin da yake yi.

Akwai ruɗani biyu da ya kamata a kawar tun yanzu. Bakin fensir da wasu ke kira dalma ba shi da dalma ko kaɗan, wani nau'in gawayi ne da aka cuɗa da yumɓu. Sannan kuzar da aka san Jos da ita ƙarfe ne daban, duk da cewa a bakin mutane sunayen biyu sukan cakuɗe saboda ana haɗa su wajen liƙi.

Matsalar kusurwa

Lanƙwasa falle a miƙe ba aiki ba ne, ko yaro zai iya. Kusurwa ce ke raba gwani da ɗan koyo, kuma ana iya gane dalili da takardar littafi. A ɗauki falle ɗaya, a ɗaga gefen dama ya tsaya kamar bango, a ɗaga gefen gaba shi ma, kamar za a yi tire. A inda bangayen biyu suka haɗu takarda za ta yi yawa, ta fito kamar kunnen kare. Mai naɗe ƙunshin tsire ninke kunnen yake yi. Mai ƙera akwatin kwano yanke shi yake yi ya liƙe. Mai aikin dalma kuwa korar rarar yake yi zuwa sama har ta fita ta baki, sannan ya datse ta.

Ga lissafin. Idan bangayen tiren za su yi tsayin santimita 10, rarar da ke kusurwa murabba'i ce mai santimita 10 a kowane gefe. A fallen da kaurinsa milimita 1.8 ne, wanda shi aka fi amfani da shi a rufin gidajen Ingila, wannan rara ta kai giram 200 da ɗoriya. Nauyin waya guda ke nan na ƙarfe da za a tura daga wani wuri zuwa wani da bugun katako, ba tare da an bar ninki ko rami ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai katako mai faffaɗan ciki da ake daddale falle da shi ya kwanta sumul. Akwai wani mai kaifin baki kamar gatari marar kaifi, wanda ake ɗorawa a kan layi a buga don a fitar da shacin lanƙwasa. Akwai sandar kora mai zagayayyen ciki, sai gudumar katako mai kai kamar ƙwai. A da ana sassaƙa su da itace mai tauri da santsi, yanzu har da na roba mai ƙarfi. Ba a sa gudumar ƙarfe, domin duk inda ta sauka sai ta bar tabo ta kuma sirantar da wurin. Wanda ya taɓa ganin masu bugun shadda a Kano zai gane hikimar: katako mai santsi, bugu mai yawa, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa.

Da farko ana shimfiɗa fallen a daddale shi, a ja layukan lanƙwasa da alli ko fensir. Ba a ja da ƙusa, saboda zanen ƙusa a jikin dalma nan ne za ta fara tsagewa bayan shekaru. Sai a rage kusurwar da almakashi a mayar da ita zagayayya, don rage yawan abin da za a kora, amma a bar 'yar rara. Daga nan a ɗaga bangayen biyu, a bar kusurwar a buɗe da faɗi kamar gefen ƙwarya.

Nan aikin yake. Gudumar katako tana shiga ta ciki ta tokare, sandar kora tana bugu ta waje, kuma bugun ba a tsaye yake sauka ba, a karkace yake, yana shafar ƙarfen yana tura shi sama. Ana farawa daga gindin kusurwar, a bi zagayen daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗan hau sama kaɗan, a sake bi. Maginiyar tukunya ma haka take yi, abu mai tauri a ciki, katako a waje, yumɓu yana tafiya tsakaninsu. Kowane zagaye yana ƙara matse ƙwaryar, rarar tana taruwa a sama kamar harshe. Idan harshen ya yi tsawo har yana hana aiki sai a rage shi a ci gaba. Sai a ƙarshe, bayan duk rarar ta fita, ake fitar da kaifin kusurwar.

Kuskuren ɗan koyo kusan kullum ɗaya ne: gaggawar ganin kusurwa. Da zarar ya matse ƙasa kafin ya kori sama, ƙarfen zai tattare ya yi ninki, kuma ninki a dalma ba ya gyaruwa. In aka ci gaba da bugunsa sai ya kwanta ya ɓoye, ido ya ga kamar lafiya, alhali tsaga ce a rufe da ruwa zai gano ta a damina ta biyu ko ta uku.

Ɗaya nau'in kusurwar ya fi wannan wuya. Idan fallen zai zagaye ƙafar wani abu da ya fito, kamar bututun hayaƙi ko ginshiƙi, ƙarfen ba yawa yake yi ba, kasawa yake yi. A gwada da takardar nan, za a ga sai ta yage kafin ta zagaye. A nan dole a bar rara mai yawa tun wajen yanka, a riƙa koro ƙarfe daga nesa zuwa cikin kusurwar, kamar mai tara hatsi da tafin hannu zuwa tsakiyar tabarma. Wanda ya ja fallen da ƙarfi maimakon ya koro shi zai samu siffar da yake so, amma kusurwar za ta zama siririya kamar takardar sigari. Ƙa'idar masu sana'ar a Ingila ita ce kada kaurin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a ko'ina. Saboda wahalar nan da yawansu yanzu sun koma yanka fallen su sa ƙyalle su narka bakin da ɗan ƙaramin harshen wutar gas. Ya fi sauri, kaurin kuma ba ya raguwa, sai dai an shigo da wuta kan rufin katako, an kuma shigo da hayaƙin dalma kusa da hanci.

Abu na ƙarshe da bidiyo ba ya nunawa shi ne dalma tana numfashi. Tana miƙewa da zafi fiye da ninki biyu na baƙin ƙarfe. Falle mai tsawon mita ɗaya da rabi, idan zafinsa ya tashi da digiri 50 tsakanin asuba da azahar, zai ƙaru da fiye da milimita biyu, ya koma da dare. In aka kafe shi da ƙusa ta ko'ina, ko aka shimfiɗa shi da tsawo, wannan kai-da-kawowa ta kullum za ta kumbura shi ta tsaga shi. Shi ya sa ake sa shi gajere-gajere, wannan ya hau kan wancan, a kafe sama a bar ƙasa tana motsi. Idan aka bi ƙa'ida rufin dalma yakan haura shekara ɗari. Majami'ar Notre-Dame da ke birnin Faris rufin dalma gare ta, kuma gobarar watan Afrilun 2019 ta narkar da fiye da tan 400 nata, ƙurar ta bazu a unguwannin kewaye har sai da aka rufe wasu makarantu don a wanke su. Da aka sake buɗe ta a Disamban 2024, da dalmar aka sake rufa ta.

A ina ake haɗuwa da fallen dalma a nan?

Ba a kan rufi ba. Kafintocin Gusau da Anka kwano da sanholo da kwalta suka sani, kuma hakan ya fi. Rufin da a watan Afrilu iska ma kan haura digiri 40 zai wahalar da dalma, ga tsada, ga 'yan gwangwan da ba za su bar ta ta kwana ba. Babban dalili kuma shi ne a ƙauyuka da yawa ruwan indararo ana tara shi a sha. Duk wanda bidiyo ya burge har yake tunanin kwaikwayo a gidansu, ya tsaya a kallo.

Inda fallen dalma ke da aikin da babu mai yi sai shi, shi ne ɗakin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi yana ratsa ƙofar katako da bangon da ba shi da kauri, ya samu ma'aikaci ko mai jiran layi a waje. Falle mai kaurin milimita ɗaya zuwa biyu yana tare mafi yawansa, shi ya sa ake lulluɓe ƙofofi da bangayen irin wannan ɗaki da shi, kuma a Najeriya hukumar NNRA ce ke da alhakin duba irin waɗannan ɗakuna kafin a ba su lasisi. A nan ma kusurwa ce matsala. Hasken a miƙe yake tafiya, duk inda falle biyu suka haɗu baki da baki suka bar 'yar kafa, ta nan zai bi. Don haka ake sa ɗaya ya hau kan ɗaya, a kusurwar ɗaki kuma a lanƙwasa wani dogon ƙyalle ya kwanta a lungun ya shiga bayan na dama da na hagu. Hatta kan ƙusar da aka kafe fallen da ita sai an rufe shi da ɗan guntun dalma. Kuma da yake falle mai milimita biyu ya haura kilo 22 a kowace murabba'in mita, kuma dalma tana saki a hankali ƙarƙashin nauyin kanta, akan manna ta ne a jikin katako kafin a jingina da bango.

Masunta ma sun daɗe da sanin laushinta. Ƙananan guntayen da ke gindin birgi suna sa shi nitsewa dalma ce, ana naɗe ta a jikin igiya a matse.

Sai batir. A 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ɗauki fallen dalma biyu, ya sa abin da zai raba su a tsakani, ya naɗe su kamar tabarma, ya tsoma cikin ruwan asid. Wannan ne batir na farko da ake iya sake yi wa caji, kuma jikokinsa ne ke cikin mota da babur da inbata da shagon cajin waya. Yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na dalmar da duniya ke amfani da ita batir take tafiya. Batirin cikin waya shi na litiyom ne, babu dalma a cikinsa, amma babban batirin sola mai nauyin kusan kilo 60 fiye da rabinsa dalma ce.

Abin da ya faru a 2010

Baturen da ke kan rufi yana riƙe da dalma tsantsa a hannunsa shekara da shekaru yana raye. Yaran Dareta ba su taɓa ganin fallen dalma ba, amma ta kashe su. Bambancin yana ga siffar da ta zo da ita da kuma ƙofar da ta bi. Dalma ba ta cika ratsa fata ba. Ta baki da hanci take shiga, a matsayin ƙura ko hayaƙi.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka samu labarin yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba. Da aka gwada jini sai aka ga dalma. Farashin zinare ya tashi a shekarun, mutane sun koma haƙa, kuma duwatsun da ake samo zinaren a cikinsu cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, wasu a daka a turmi, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Masana duwatsu na Amurka da suka bincika samfurin daga baya sun gano cewa yawancin dalmar ta riga ta rikiɗe zuwa wani nau'i da ruwan cikin ɗan Adam ke narkarwa cikin sauƙi. Ga shi kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa daga abin da ya haɗiya.

Binciken hukumar CDC ta Amurka a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da aka rasa a yankin an ƙiyasta ta kai 400. Sauran ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Tungar Guru da Bagega.

Na'urori biyu ne suka buɗe wa duniya ido a kan girman abin. Ta farko LeadCare II, 'yar ƙarama da ake ɗauka a hannu, ana ɗiga mata jinin yatsa ta ba da sakamako cikin minti uku. Ana auna dalmar jini da maikurogiram a kowane kashi ɗaya cikin goma na lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da za a kira lafiya, daga 5 ma a fara neman inda take fitowa, daga 45 kuma akan fara ba yaro maganin da ke fitar da ita. Na'urar an ƙera ta ne ta tsaya a 65. A Zamfara yaro bayan yaro sai ta nuna ya zarce iyakarta, har sai da ma'aikata suka koma sirka jinin da wanda ba shi da dalma, su auna, su ninka. Wasu yaran sakamakonsu ya kai ɗaruruwa.

Ta biyu ita ce XRF, mai kama da bindigar wasan yara. Ana ɗora bakinta a ƙasa, ta harba irin hasken nan na hoton ƙashi, kowane sinadari da ke wurin ya mayar da nasa haske mai alamarsa, na'urar ta karanta cikin daƙiƙoƙi. Hasken da ake sa dalma ta tare a asibiti, shi ne kuma ke tona mata asiri a tsakar gida. A lokacin ma'aunin Amurka na ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kada ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wurare a ƙauyukan nan an samu fiye da 100,000, wato a kowane kilo goma na ƙasa, kilo guda dalma ce.

Magani ba ya yiwuwa sai an gyara gida, domin yaron da aka wanke wa jini ya koma kan ƙasar nan kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Da fartanya da shebur da baro aka yi aikin, tare da ƙwararrun TerraGraphics da cibiyar Blacksmith: a kankare saman ƙasa, a auna da XRF, a kwashe a binne a rami na musamman, a zuba sabuwa mai tsabta. Ƙauyuka bakwai aka fara gamawa. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya, yara kimanin 1,500 suna jiran magani. Gwamnati ta yi alkawarin kusan naira miliyan 850, kuɗi suka maƙale. A nan ne wayar hannu ta yi rawar gani. Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money, tare da ƙungiyar Human Rights Watch, suka tayar da gangamin #SaveBagega a Twitter da Facebook, kuma a ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa aka saki kuɗin. A shekarar aka share Bagega. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha a 2022 bayan ta gwada yara fiye da 8,000.

Wani gwaji da aka yi da masu niƙan dutsen ya nuna cewa fesa ruwa a bakin inji ya rage dalmar da ke tashi a iska da kusan kashi 95 cikin ɗari. Ruwa kawai. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage hanin a Disamban 2024, don haka maganar injin niƙa da ƙura ba tarihi ba ce tukuna.

Teburin mai gyaran waya

Siririyar wayar nan mai sheƙi da ake narkarwa a liƙa wurin caji ko ƙafar wani abu a fanel, yawancinta haɗin kuza ne da dalma, kashi 60 da 40 ko 63 da 37. Tana narkewa daga digiri 183. Tun Yulin 2006 Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarki, shi ya sa wayoyin zamani ke fitowa daga masana'anta da liƙi marar dalma, wanda sai ya kai wajen digiri 217 yake narkewa. Masu gyara da yawa sun fi son mai dalmar, kuma ta fuskar aiki suna da hujja: tana gudu da kyau, tana sheƙi, ba ta buƙatar zafin da zai ƙona fanel.

Akwai kuskuren fahimta a nan. Farin hayaƙin da ke tashi lokacin liƙi yawancinsa na man liƙin ne da ke cikin wayar. Yana da illa ga ƙirji, ya kamata a yi aiki inda iska ke wucewa, amma zafin ƙarfen liƙi bai kai ya mayar da dalma tururi sosai ba. Hanyar da ta fi shiga ita ce hannu. Mai gyara ya wuni yana murza wayar liƙi, wani ma ya riƙe ta da haƙori saboda hannayensa biyu na aiki, sannan a kawo masa awara ko rake ya ci a kan teburin. Ƙananan ɗigon da ke zuba suna zama ƙura, su hau riga, rigar ta je gida, ƙaramin yaro ya hau cinya. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma maimakon hurewa ko sharewa, da barin rigar aiki a shago, su ne ka'idojin da shi ma Baturen kan rufi ke bi, sai dai ba a sa wannan ɓangaren a bidiyo.

Mataccen batirin sola ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Muddin yana rufe, dalmarsa na ciki. Ranar da aka sa gatari aka fasa shi, aka zubar da ruwan a ƙasa, aka zazzage farantan, baƙin gari da ruwan ƙasa-ƙasa da ke zubowa daga jikinsu dalma ce a siffar da ta fi saurin shiga jiki. In aka ɗora a wuta don a narka a yi curi, hayaƙin ma ya ɗauka. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda wannan sana'a, iyayensu mata suna tankaɗe ƙasar da aka daɗe ana fasa batir a kanta don su tsinci dalma su sayar. Mai shagon caji da batirinsa ya mutu gara ya mayar wa dila a rufe yadda yake, a rage masa kuɗin sabo, kada a fasa a bayan shago ko a ajiye a ɗakin da yara ke kwana.

Kwalli ma yana cikin lissafin. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a sa a ido, sau da yawa shi ne ainihin dutsen da ake fitar da dalma daga cikinsa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido, ya kai hannu baki.